Juma'ar da Sagir Ya Yi Rawa a Doha

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Mai fitar da matafiyi ya kuma maido shi gida. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Wannan labarin tafiyar da na yi ne zuwa Doha ta ƙasar Ƙatar, a shekarar da aka yi gasar ƙwallon duniya a can. Na rubuta shi saboda masu tare ni da tambaya a ƙofar masallaci, wasu don su sani, wasu don su ga na sunkuyar da kai. Amsata guda ce ga kowa: rawa na je kallo, kuma da ƙafata na je.

Daga Zariya zuwa Kano

Mun bar Zariya tun kafin assalatu a motar haya, muka yi asuba a Kwanar Ɗangora. Gaba kaɗan 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo ya ga jakata a kan cinya.

"Baba, ina zuwa da sassafe haka?"

Direba ya riga ni, ya ce, "Ƙatar za shi, yallaɓai, kallon ƙwallo."

Na ce, "Ba ƙwallo ba. Rawa."

Ɗan sandan ya dubi rawanina ya dubi gemuna, ya ce, "Allah ya shirya, Baba."

Na ce, "Amin, mu duka." Ya ɗaga mana itace muka wuce.

Bari in faɗi wanda zan je gani. Sagir ɗan ƙanena ne, marigayi Ilyasu. Bayan rasuwar uban, uwarsa ta tafi da shi Legas, a can ya shiga wata makaranta da ake koyar da rawar bale. Rawa ce ta Turawa wadda ba a magana a cikinta, ba a waƙa, da jiki kaɗai ake ba da labari, makaɗa na biye. Daga Legas wata ƙungiyar rawa ta Turai ta ɗauke shi. Ya yi shekaru a cikinta yana sahun baya, wato cikin tarin masu rawar da ke motsi tare a bayan jagora, ba a sanin sunan kowa. Da korona ta zo aka rufe gidajen kallo, na sha ganinsa ta waya yana atisaye a ɗakin girki, ya riƙe bayan kujera yana ɗaga ƙafa har kunne. Da aka buɗe, ƙungiyar ta fara rage mutane. Shugabarsu, wadda suke ce wa Madam, ta gaya masa cewa za ta ba shi jagorancin rawa sau ɗaya tak, a Doha. In ya gamsar da ita ya zauna, in bai gamsar ba ya nemi wani wuri a ƙarshen shekara. Da ya faɗa mini haka a waya ban tambaye shi ko yana so in zo ba. Cewa na yi ya nema mini hanya.

Kano zuwa Doha

A lokacin ba a shiga Ƙatar sai da katin 'yan kallon ƙwallo, shi kuma katin sai da tikitin wasa. Haka Sagir ya saya mini tikitin wasan wasu ƙasashe biyu da ban san inda suke ba. Na riƙo katin rigakafin korona a aljihun gaba, babu wanda ya tambaye shi, amma rabin jirgin da takunkumi a fuska. Mun tsaya Abuja aka ƙara fasinja, sannan muka miƙa. An ba mu shinkafa da kaza a ɗan akushin roba. Na yi sallolina a zaune.

Mun sauka da safe. Jami'in shige da fice ya tambaye ni da Larabci ƙasar da nake goyon baya. Na ce masa ɗana nake goyon baya. Ya buga hatimi ya miƙo mini fasfo.

Nu'aija

Mai masaukina Alhaji Seidu ne, mutumin Zangon Kumasi, direban wani gida a unguwar Nu'aija. Wani tsohon ɗalibina, Isiyaku, da ke aikin gadi a Doha, shi ya haɗa mu. Kafil ɗin Alhaji Seidu, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ya yarda in kwana a ɗakin direba da ke jikin katanga. Ɗaki ne ƙarami mai sanyi kamar randa. Ya dafa mini wake da shinkafa irin tasu ta Gana, da yaji mai sa hawaye.

"Malam," in ji shi, "duniya duka ya zo kallon bal, kai ka zo kallon yaro yana tsalle da wandon roba?"

Na ce, "Su ma 'yan bal ɗin da gajeren wando suke tsallen, Alhaji."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Khalas, shi ke nan, ka ci ni. Yalla, maza ci abinci."

Kasuwar Suƙ Waƙif

Da yamma ya sauke ni a Suƙ Waƙif inda Sagir ke jirana. Kasuwar cike da 'yan ƙwallo, kowa da tutarsa da gangarsa, 'yan dako tsofaffi na ratsa su da baro. Sagir ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni a tsakiyar wannan hayaniya. Ya rame, amma ramar doki ce, ba ta ciwo ba. Da aka kira magariba muka je alwala, a nan na ga ƙafafunsa: yatsu a tanƙware, farce biyu baƙi ƙirin, diddige duk kanta. Manomi ma bai fi haka ba.

Mun zauna cin abinci, ni shinkafa da naman rago, shi ɗan kifi da ganye. Ya yi mini bayanin rabon rawa. Ya ce kowane babban matsayi mutum biyu ke koyonsa, rukuni na ɗaya da na biyu. An ɗauko wani shahararren baƙo daga wata ƙungiya aka ba shi rukuni na ɗaya, duk wasannin bayan isha nasa ne. Shi Sagir an ba shi Juma'a bayan la'asar.

Na ce, "Ai Juma'a babbar rana ce."

"Baffa, a daidai lokacin ne masu masaukin gasar ke buga wasa da wata ƙasar Afirka. Ba mai zuwa. Ko kashi ɗaya cikin goma na kujerun ba a saya ba. Madam za ta zauna ta kalle ni ina rawa ga kujeru. In na gama a ji tafi kamar ana kashe sauro."

"To tafin yana cikin abin da take dubawa?"

"Ba ta faɗa ba. Amma tana da kunne."

Ya ce al'adarsu ce in zaure zai zama fayau, sai a raba wa masu rawa tikiti kyauta su ba 'yan'uwa da abokai. Ya ciro damin tikiti daga jaka ya yi murmushin takaici. "Ni wa na sani a Doha?"

Na miƙa hannu na ce, "Kawo."

Alhamis: rukuni na ɗaya

Na ce sai na ga baƙon nan da idona kafin in ga ɗana, don kada son kai ya rufe mini ido. Bayan isha na shiga zauren. Ya cika maƙil, kujeru ja masu laushi, makaɗa a cikin wani rami gaban dandamali, yawancinsu masu goge, da wani mai 'yar sanda yana juya su. Kusa da ni wata dattijuwa 'yar Masar, farin gashi ya leƙo daga mayafinta. Da ta ji ina Larabci ta saki jiki. Ta ce tun tana yarinya take kallon bale, kuma ba ta yanke wa ƙungiya hukunci sai ta ga kowane rukuni.

Labarin rawar na masu nutso ne a teku don ciro lu'ulu'u, sana'ar kakannin mutanen ƙasar. Mai nutso yana sauka da igiya a ƙugu, abokinsa na cikin jirgi yana riƙe da ita. In numfashi ya ƙare ya girgiza igiya a jawo shi. A ƙarshen kashi na farko mai jirgi ya kira mai riƙon igiya ya aike shi wani aiki. Mai nutso ya girgiza, babu mai ja. A nan kiɗa yake ɗaukewa ɗif, ya yi ta fama shi kaɗai cikin shiru har ya faɗi.

Zan faɗi gaskiya: baƙon ya iya. In ya yi tsalle sai ka ce ya manta da saukowa, in ya sauka ba ka jin ƙarar ƙafa. Yana juyi kamar mazari. Amma na lura da abu guda, ko a ƙarƙashin teku fuskarsa na wajen 'yan kallo. Yana nutsewa yana duban mu, kamar mai cewa kun ga yadda na iya mutuwa? Matar da ta fito a matsayin iyalinsa kuwa, tana tafiya a kan tsinin yatsu tamkar ba ta da nauyi. Inda ya ɗaga ta sama na sunkuyar da kaina, ban ɓoye wannan ba. Sagir yana sahun baya a wannan daren, na uku daga hagu, yana jan igiyar jirgi. An yi tafi da ihu kamar yadda aka yi ta yi a kowane tsallensa, aka jefa furanni.

'Yar Masar ta ce mini, "Ƙafarsa zinariya ce, amma bai taɓa jin ƙishirwar iska ba. Gobe zan dawo in ga ɗan baƙin yaron."

Na ce, "Ɗana ne."

Ta ce, "To ba zan yi masa sassauci don haka ba."

Juma'a da safe: Sana'iyya

Alhaji Seidu ya kai ni Sana'iyya, unguwar ma'aikata a bayan gari, inda babu komai sai garejoji da ɗakunan ajiya da dogayen gidajen kwanan leburori, wanki a rataye a kowace taga. Isiyaku ya tare mu. Mun yi Juma'a tare, bayan an sallame ya tara mini Hausawan da ba su da aiki a ranar: masu gadi, direbobi, makanikai, 'yan Najeriya da 'yan Gana. Muka zauna a inuwar wani shago ana shan karak, shayinsu mai madara na riyal ɗaya. Na faɗa musu buƙatata.

Wani makanike ɗan Sakkwato ya ce, "Malam, da girmanka? Mu bar wasa mu tafi kallon rawa? Wai ma halal ce?"

Na ce, "Ban zo da fatawa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya zauna, ba zan riƙe shi ba. Abin da na sani shi ne, ɗanku ne, maraya, ya yi shekaru a sahun baya, yau aka fito da shi gaba a ranar da aka san ba mai ganinsa. Ku da kuke tsaye a ƙofofin filayen wasa tun da aka fara gasar nan, wa ya taɓa tambayar sunanku?"

Isiyaku ya ce, "Ni dai da ni."

Alhaji Seidu ya ce, "Bal ɗin ma za a ci 'yan Ƙatar ɗin ne. Yalla, mu je."

Wasu sun zauna, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka tashi sun cika bas ɗin wani direba ɗan Katsina, har da na tsaye. A hanya na miƙe na karanta musu ka'ida kamar yadda Sagir ya koya mini: ba magana, ba waya, ba tafi sai an ga wata tsohuwa 'yar Masar ta tafa. Kowa ya ce ya ji.

Juma'a bayan la'asar: rukuni na biyu

Mun yi la'asar a masallacin gidan kallon muka shiga. Ban da mu, mutanen zauren ba su da yawa, sun warwatsu kamar awaki a fili. Madam na zaune ita kaɗai can baya, siririya, gashi a ɗaure tamau. 'Yar Masar ta dubi jama'ata da kaftani da hula da ƙamshin turare, ta ɗaga gira.

Labule ya buɗe. Tsallen Sagir bai kai na baƙon ba, kuma sau ɗaya na ji ƙarar saukarsa. Amma tun da ya ɗaura igiya a ƙugu bai sake duban mu ba. Idonsa na ƙasa yana neman kawa, ƙwanson da lu'ulu'u ke ciki, hannunsa na ture ruwan da babu shi, har sai da na ji zauren ya yi mini nauyi a ƙirji. Yarinyar da aka haɗa shi da ita gajera ce, ta ɗan yi tuntuɓe a farko, ya tare ta da gwiwar hannu yadda ba kowa ya gani ba. Mutanena sun yi tsit, har na fara gode wa Allah.

Sai mai jirgi ya kira mai riƙon igiya. Igiya ta zube a ƙasa. Kiɗa ya ɗauke. Sagir ya girgiza igiyar, ya sake girgizawa, ya ɗaga kai sama, bakinsa a rufe, wuyansa ya kumbura.

Isiyaku ya miƙe tsaye. "Kai! Ja igiyar mana!"

Shi ke nan aka ɓalle. "Ja shi! Ja shi!" Ɗan Sakkwaton nan da ya tambayi halasci, shi ya fi kowa murya: "Ka bar mutum a ruwa don oga ya kira ka? Allah ya isa!" Alhaji Seidu na ta "Yalla! Yalla!" Mai 'yar sanda ya waiwayo da ido waje. Sagir bai ko ƙyafta ba. Ya ci gaba da famansa, ya durƙushe, ya faɗi, kuma a daidai faɗuwarsa goge ya dawo. Wani a bayana ya ce, "Inna lillahi," da muryar kuka. Labule ya rufe.

A hutun tsakiya mai kula da zauren ya zo, Balarabe cikin baƙar kwat, da masu gadi biyu a bayansa. Ya ce jama'ar nan sun ɓata wasa, su fita.

Na amsa masa da Larabci, ban ɗaga murya ba. "Tikitinmu na hannunmu. Jiya an yi ihu a zauren nan don mutum ya yi tsalle, ba ka kori kowa ba. Yau an yi don mutum zai mutu. Kuskure ne a al'adarku, na yarda, ba za a sake ba. Amma fita, ba inda za mu."

"Ya Shaikh, doka ce."

"To ka fara ɗaukata, ni ne babba."

Ya dubi masu gadinsa. Ɗaya ɗan Kenya ne, ashe ɗakinsu guda da Isiyaku a Sana'iyya, sai ya hau duban rufi. 'Yar Masar ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "In sun fita da ni za su fita, kuma sai ka yi wa kujeru wasan." Mutumin ya waiwaya wajen Madam. Ba ta motsa ba. Ya gyara kwat ya tafi.

Kashi na biyu mafarkin matar ne, mijinta ya dawo mata daga teku. Mutanena sun cika alkawari, ko tari babu. Da aka gama 'yar Masar ta tafa, muka bi, zauren ya ɗauka kamar ruwan sama a kan kwano. Masu rawa suka fito gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Da Sagir ya fito shi kaɗai, mu ba mu zo da furanni ba, sai na miƙe na yi masa abin da muke da shi: "Sagir na Ilyasu, jikan masu allo! Ka shiga ruwa ba jirgi ka fito da ƙafarka! Sahun baya ya yi maka kaɗan!" Aka ɗauka da sowa. Sau huɗu ana rufe labule ana buɗewa.

Bayan magariba na same shi a ƙofar baya. Bai durƙusa ba.

"Baffa, kun kashe ni. Wurin shirun nan shi ne zuciyar rawar duka. Ta ce in zo gobe da safe. Ta ce in zo da kai."

Na ce, "To mu je tare. In kora ce, a gabana za a yi."

Asabar

Mun same ta a ɗakin atisaye, madubi ta ko'ina. Sagir ne tafinta. Ta ce tun da take ba a taɓa wulaƙanta mata wasa kamar jiya ba. Na ce ya gaya mata mu ma ba a taɓa nutsar mana da ɗa muna kallo ba. Ya ce, "Baffa, ba zan fassara wannan ba." Na ce sai ya fassara. Ya fassara. Gefen bakinta ya ɗan motsa.

Sannan ta yi bayanin da ban sani ba. Ta ce a wurin shirun nan mai rawa ƙirga yake a zuciyarsa, mai 'yar sanda ma yana ƙirga nasa, dole su haɗu a faɗuwar ba tare da sun dubi juna ba. Jiya ihu ya sa mai sandar ya ɓata lissafinsa, sai ya bi jikin Sagir, ya tarar yana daidai. Ta ce tsallensa na buƙatar aiki, saukarsa ma haka. Amma zai zauna, kuma jagorancin rukuni na biyu nasa ne daga yanzu, a duk garin da suka je.

Sagir ya kasa fassara ƙarshen, sai da ta maimaita.

Na ce, "Tambaye ta, me ya hana na ɗaya?"

Ya rufe fuska da hannu, amma ya tambaya. Ta ce sunan baƙon ne ke sayar da tikiti. Na ce ya gaya mata shi ma baƙon ba da suna aka haife shi a dandamali ba, wani ne ya ba shi daren farko. Ta dube ni ta ce a sake yi mata tambayar baɗi. Na ce in Allah ya kai mu zan yi.

Komawa gida

Alhaji Seidu ya kai ni filin jirgi, Sagir na gaba ni ina baya. A bakin ƙofa ya durƙusa na sa masa albarka, na ce ya riƙe salla, ya kuma nemi magani ya sa wa yatsun nan. Ya ce, "Baffa, in ka sake zuwa, don Allah a yi shiru." Na ce masa na ji, amma ban ɗauki alkawari ba.

Mun sauka Kano da hantsi, na shiga motar Zariya, na iso gida ana kiran la'asar. Ina gode wa Alhaji Seidu da ya ba ni gadonsa ya kwana a tabarma, da Isiyaku, da mutanen Sana'iyya da suka ba ɗana hutunsu na mako guda ɗungum, da baiwar Allah 'yar Masar da ban ko tambayi sunanta ba. Allah ya maido kowannensu gida lafiya kamar yadda ya maido ni. Sagir na kan aikinsa. Alhamdu lillahi.